Tsakanin Gyara da Karya Gwiwa: Muhawara a Kan Sharhin Hotunan 'Yan Koyo

Tun daga shekarar 1888, lokacin da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda mai ita ba ya bukatar sanin komai game da wankin fim domin kamfanin ne ke wanke masa, ɗaukar hoto ya daina zama sana'ar 'yan tsiraru masu ɗakin duhu da kwalaben sinadarai, ya zama abin da kowa ke iya taɓawa. Kyamarar Brownie da ta biyo baya a 1900, wadda aka riƙa sayarwa dala ɗaya, ta ƙara faɗaɗa ƙofar, wayar hannu kuma ta zo ta cire ƙyauren gaba ɗaya. Wannan yalwa ce ta raya wata tambaya da ƙungiyoyin masu hoto suka daɗe suna kai ruwa rana a kanta: idan ɗan koyo, wato wanda yake ɗaukar hoto don sha'awa ba don neman abinci ba, ko sabon shiga ne ko ya kwana biyu a harkar, ya miƙa hotonsa ga wanda ya fi shi sani, me ya kamata a gaya masa, kuma da wane ma'auni? Abin da ake nufi da sharhi mai gyara a nan shi ne bayanin da ake yi wa mai aiki a kan aikinsa domin na gaba ya fi na baya, saɓanin tarke, wanda hukunci ne da matarki ke yanke wa aiki don amfanin jama'a, ko mai aikin ya ji ko bai ji ba.

Ɓangare na farko, waɗanda za a iya kira masu tsage gaskiya, sun kafa hujjarsu a kan wani rauni da ke tattare da kowane mai ɗaukar hoto, shi ne cewa ba ya iya kallon hotonsa da idon baƙo. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu a Kano ranar hawan daushe, ya ji kakaki da algaita, ya shaƙi ƙura, ya ga mahaya sun zaburo dawakai domin jafi, duk lokacin da ya dubi hoton da ya ɗauka waɗannan abubuwa ne ke dawo masa, alhali kuwa abin da ya shiga hoton bai wuce ƙeyar 'yan kallo da wani ɗan doki can nesa ba. Tunanin abin da ya faru yana cike masa giɓin abin da kyamara ta bari, kuma babu mai raba shi da wannan ruɗi sai wanda bai halarci wurin ba. Saboda haka, in ji su, wanda aka nuna wa hoto ya ce ya yi kyau ya ja bakinsa ya yi shiru, ya hana mai hoton abu ɗaya tak da ba zai iya samar wa kansa ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan ƙarfi, domin ta dogara ne a kan cewa yawancin kurakuran ɗan koyo suna da sanadi wanda ake iya nunawa da yatsa. Abubuwa uku ne ke sarrafa hasken da ke zama hoto: ƙofar haske, wato ramin da ke cikin gilashin kyamara wanda ake faɗaɗawa ko a tsuke, tsawon lokacin da marufin kyamara ke ɗauka a buɗe, sai kuma saurin jin haske na fim ko na'urar da ta gaje shi, wanda ake aunawa da lambar ISO. Dokin da ke sukuwa yana bukatar marufi ya buɗe ya rufe cikin abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba kafin ƙafafunsa su fito sarai, wanda ya bar shi a kashi ɗaya cikin 60 kuwa dishi-dishi zai samu, komai tsadar kyamararsa. Haka nan ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa abin da ke gabansa, idan aka gauraya farinsa da baƙinsa, ruwan toka ne matsakaici. Don haka idan aka auna shi a kan dattijo mai farar babbar riga da farin rawani a tsakar rana, sai ya rage haske domin ya mayar da farin toka-toka, fuskar dattijon kuma ta nutse cikin duhu. Maganin ba ɓoyayye ba ne, ko a auna hasken a kan fuska, ko a matsa da mutumin inuwa, ko a jira la'asar sakaliya lokacin da rana ta yi taushi. Masu wannan ra'ayi suna cewa bayani irin wannan ba ya wuce minti biyu, amma ɗan koyon da aka yi wa kara aka ƙi gaya masa yana iya shekara yana zargin kyamararsa, har ya kashe kuɗi ya sayi wata ya maimaita kuskuren da ita.

A nan ne suke ɗora laifi a kan kara, wato kawar da kai daga faɗin abin da zai sosa ran mutum saboda ganin girmansa ko kusancinsa. Ba su musun cewa kara ɗabi'a ce mai kyau a zaman tare, amma suna ganin idan ta shiga fagen koyarwa sai ta zama rowar ilimi. Suna kafa misali da yadda manyan masu hoto na Afirka ta Yamma suka taso a gaban iyayen gidansu. Malick Sidibé na ƙasar Mali, wanda aka ba lambar girmamawa ta Zakin Zinariya a bajekolin fasaha na birnin Venice a 2007, ya fara ne a 1955 a matsayin yaron shago a wurin wani Bafaranshe mai hoto a Bamako mai suna Gérard Guillat, kuma duk wanda ya san zaman yaro da maigida ya san ba a lallashi a kan aikin da abokin ciniki zai biya kuɗi ya karɓa. Gyara kayanka, in ji su, ba ya zama sauke mu raba.

Ɓangare na biyu, masu ra'ayin sassauci, ba su tsaya a kan cewa suka tana da zafi ba, domin da wannan ce kaɗai hujjarsu da muhawarar ba ta yi nisa ba. Tambayar da suka fara jefawa ita ce: wa ya ce ɗan koyo so yake ya zama gwani? Masanin zamantakewa na Faransa Pierre Bourdieu da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1965 a kan yadda talakawa da matsakaita ke amfani da kyamara, inda suka nuna cewa yawancin hotunan da mutane ke ɗauka hidimar iyali suke yi, wato adana biki da haɗuwar dangi da tasowar yara, kuma darajarsu a wurin masu su ba ta rataya a kan tsarin haske da inuwa ba. Matar da ta nuna hoton mahaifiyarta a ranar suna ba jarrabawa ta zo ba, kuma wanda ya amsa mata da cewa bangon ya karkace ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Shi ma misalin Sidibé, a ganinsu, ba ya zama hujja, domin yaron shago ya shiga yarjejeniya ce da maigidansa, ya miƙa wuya don a koya masa sana'a, ɗan sha'awa kuwa bai ƙulla wannan da kowa ba.

Daga nan sai su juya kan ma'aunin kansa, kuma a nan ne hujjarsu ta fi nauyi. Da yawa daga abin da ake koya wa ɗan koyo da sunan doka al'ada ce kawai wadda ta daɗe. Shahararriya a ciki ita ce ƙa'idar kaso uku, wadda ta ce a raba fuskar hoto gida uku a tsaye, gida uku a kwance, a ajiye abin da ake son nunawa a mahaɗar layukan maimakon tsakiya. Wani mai zane a Ingila, John Thomas Smith, shi ya fara rubuta ta da wannan suna a 1797, a kan zanen karkara, fiye da shekara 40 kafin a bayyana wa duniya fasahar hoto a birnin Faris a 1839. Shawara ce mai amfani, amma a bakin alƙalan gasar ƙungiyoyin hoto ta zama sanda. Tarihi kuma cike yake da lokutan da masu riƙe da sandar suka doki wanda ya fi su gani. Julia Margaret Cameron ta fara hoto a 1863 tana da shekara 48, da kyamarar da 'yarta ta ba ta kyauta, kuma mujallun masu sana'ar a Landan sun yi ta caccakar ta saboda fuskokin da take ɗauka ba sa fita tar, ga tabon yatsa da ɗigon sinadari a jikin hotunan. A yau hotunan da ta yi wa Charles Darwin da John Herschel suna cikin abin da ake tunƙaho da shi a tarihin fasahar. Littafin Robert Frank a kan Amurkawa, mai hotuna 83, wanda ya fito a Faransa a 1958 sannan a Amurka a 1959, mujallar Popular Photography ta yi masa kaca-kaca a kan dishi-dishi da karkacewa da ƙazantar haske, abubuwan da daga baya suka zama salon da matasa ke kwaikwayo.

Akwai misali mafi kusa. Ana yawan gaya wa ɗan koyo ya nemi bango marar hayaniya domin mutum ya fito fili, amma Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, ya shahara ne da akasin haka: yakan zaunar da mace mai atamfa cike da zane a gaban labule cike da zane, tufafi da bango su rungumi juna, fuska da hannuwa su taso daga tsakiyarsu. Da a ce alƙalin gasa mai bin littafi ne ya duba aikin, da ya rage masa maki a kan abin da ya sa manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya ke nemansa. Hatta na'urar da ake ɗauka ba ta da ɓangare tana da nata son kai. Daga shekarun 1950 wuraren wankin hoto mai launi sun riƙa daidaita injinansu da wani kati na kamfanin Kodak da ake kira katin Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, kuma binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa matsin lambar da ya sa aka inganta yadda fim ke kama launuka masu duhu ya zo ne daga masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla. Idan kayan aikin kansu sun ginu a kan wata fata da wani haske, in ji masu sassauci, to, wanda ya koyi ma'auninsa daga littattafan Turai ya yi hattara kafin ya kira hazon hunturu aibi, ko ya ce launukan ɗakin amarya sun yi yawa.

Idan aka ɗora hujjojin nan a sikeli, abu na farko da za a lura da shi shi ne misalan Cameron da Frank ba su ɗauki duk nauyin da ake ɗora musu ba. Su biyun sun san abin da suke yi. Cameron takan tsayar da gilashinta a inda fuskar ta gamsar da ita da gangan, Frank kuwa ƙwararre ne da ya yi aiki da mujallu kafin ya zaɓi hotunansa 83 daga cikin fiye da 20,000. A bayan kowane Frank akwai dubban mutane da hotonsu ya karkace saboda hannu ya girgiza, kuma gaya musu cewa karkacewa salo ne yaudara ce. To amma wannan raddi da kansa ya buɗe wata ƙofa ga ɓangare na biyu, domin idan bambancin kuskure da salo niyya ce, mai sharhi ba shi da hanyar sanin wanda ke gabansa sai ya tambaya. Dishi-dishin da aka nufa da wanda ba a nufa ba kamanninsu ɗaya a takarda. Wanda ya yanke hukunci kafin ya ji abin da mai hoton ya so nunawa, hoton da shi zai ɗauka yake kwatantawa, ba wanda aka miƙa masa ba, kuma wannan ita ce cutar da ta fi yawa a tsakanin gwanaye: kowa yana gyara ɗan koyo ne zuwa ga kamannin kansa.

Binciken masana halayyar ɗan Adam bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara sakamako 607 daga nazarce-nazarcen da aka yi a kan tasirin gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance, suka gano cewa a jimlace yana inganta aiki, wanda ya goyi bayan masu tsage gaskiya, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan aikin lalacewa ya ƙara yi. Bayanin da suka bayar shi ne, muddin magana ta karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa kansa, ƙarfinta yana raguwa, ko suka ce ko yabo. Wannan ya rushe "ba ka da ido" kamar yadda ya rushe "kai gwani ne", domin duka biyun a kan mutum suke magana, babu wadda ta ambaci inda haske ya fito. Wani binciken na Stacey Finkelstein da Ayelet Fishbach a 2012, wanda wani sashensa a kan ɗaliban harshen Faransanci aka yi, ya nuna cewa sababbin shiga sun fi karkata ga malamin da ke nuna musu abin da suka yi daidai, waɗanda suka yi nisa kuwa sun fi neman wanda zai nuna musu kurensu. Ke nan ɓangarorin biyu kowanne yana da ɗan koyon da yake tunani a ransa, kuma ba mutum ɗaya ba ne: mai sassauci yana tuna wanda ya sayi kyamara jiya, mai tsanantawa yana tuna wanda ya shekara biyar a wuri ɗaya.

An yi ƙoƙarin tsara hanyar da za ta haɗa gaskiya da girmama niyya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗu ita ce ta Liz Lerman, wata mai tsara raye-raye a Amurka, wadda ta ƙirƙiro ta a 1990 kuma makarantun fasaha daban-daban suka ara. Masu kallo ne ke fara faɗin abin da ya ja hankalinsu a aikin, sannan mai aikin ya yi musu tambayoyinsa, sannan su yi masa nasu tambayoyin ba tare da sun cusa ra'ayi a ciki ba, ra'ayi kuwa sai a ƙarshe, bayan an nemi izininsa. Mataki na uku ne mai wuya, domin "me ya sa hoton ya yi duhu haka?" hukunci ne sanye da rigar tambaya, alhali "me ka so mai kallo ya fara gani?" tana barin mai hoton ya gano da bakinsa cewa fuskar da ya nufa ita ce ta ɓace. Masu tsage gaskiya suna sukar wannan tsari da cewa yana cin lokaci, kuma yana ba malalaci garkuwa, duk abin da aka nuna masa ya ce ai haka ya nufa. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai garkuwar ba ta da kauri kamar yadda suke zato, domin da zarar mutum ya faɗi niyyarsa ya ba da ma'aunin da za a auna shi da shi, kuma ana iya ce masa kai tsaye niyyar ba ta iso ga mai kallo ba, ga kuma dalili.

Abin da ya fi rinjaye, bayan an ji kowa, shi ne masu tsage gaskiya sun yi daidai a kan duk abin da ke da sanadi na zahiri, kamar girgizar hannu da ƙurar da ta rufe gilashin waya da jan hoto da yatsu har ya farfashe, kuma yin shiru a kan waɗannan ga wanda ya nemi gyara ha'inci ne, komai kyan niyyar mai shirun. Sun yi kuskure ne inda suka ɗauki wannan tabbaci suka shimfiɗa shi a kan abin da zaɓi ne, kamar inda aka ajiye mutum a cikin hoto da yawan launi da irin bango, wuraren da ya kamata mai sharhi ya fito fili ya ce nasa ganin ke nan. Akwai kuma batun yawa, wanda ɓangarorin biyu ba su cika kulawa da shi ba: gwani yana iya hango aibi goma a hoto ɗaya, amma ɗan koyo ba zai iya riƙe goma a ransa lokacin da doki ya taso ba, don haka zaɓen aibi ɗaya wanda gyaransa zai fi sauya hoton shi ne ainihin gwanintar mai sharhi, zayyana goman kuwa sau da yawa nuna sani ne. Masu sassauci su ma sun ci nasara a kan cewa ba a kutsa wa mutum da gyaran da bai nema ba.

Wannan sharaɗi na jiran a nema yana da togiya guda, wadda ba ta shafi haske ko tsari ba. 'Yan koyo da dama suna fara gwajinsu ne a kan waɗanda ba su da ikon cewa a'a, kamar almajirai da mabarata da marasa lafiya da matan da ke tallar nono a bakin kasuwa, domin fuskokinsu suna saurin taɓa zuciyar mai kallo, kuma sau da yawa ana ɗauka ne daga nesa ba sallama ba izini, a yaɗa hoton inda mai fuskar ba zai taɓa gani ba. A nan akwai mutum na uku wanda ba ya wurin da ake sharhin, kuma kare gwiwar mai hoto ba ta kai nauyin mutuncinsa ba. Wanda aka nuna wa irin wannan hoto ya wajaba ya tambayi ko an nemi yardar mai fuskar, ko ta waliyyinsa idan yaro ne, kafin ya ce uffan a kan kyan hoton, ko an nemi ra'ayinsa ko ba a nema ba.